A Gyara ko a Sauya? Shari'ar Lasifika Biyu na Zamanin Udoji

A tsofaffin gidajen ma'aikata na Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, da wuya a shiga falon maigida ba a tarar da wasu akwatunan katako guda biyu ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, an lulluɓe kawunansu da saƙaƙƙen ƙyalle, an ɗora musu furen roba ko hoton biki. A tsakaninsu akwai kabad mai gilashi, a cikinsa an jera amfilifaya da rakoda da abin juya faifai bisa juna. Da yawa daga cikin waɗannan kaya sun shigo gidajen ne a shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin da hukumar Jerome Udoji ta ba da shawara, haɗe da ariyas na watanni. Kuɗi suka zo a dunƙule. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, wasu kuma suka nufi kantunan da ke sayar da kayan sauti ƙirar Japan, irin su Sony da National da Akai da Pioneer da Kenwood. Akasarin waɗanda suka sayi kayan Allah ya yi musu rasuwa. Kayan kuwa suna nan, kuma magada ne yanzu ke fuskantar tambayar abin da za a yi da su idan muryarsu ta fara dushewa.

Wannan tambaya ce ta riski wani malamin sakandare a Kano, mai koyar da labarin ƙasa, wanda shekarunsa suka haura hamsin. Da aka zo rabon gadon mahaifinsa, 'yan'uwa ba su ga wani abin a-zo-a-gani a tsofaffin kayan ba, don haka aka yi musu kuɗi kaɗan aka sa a kasonsa. Tare da su ya gaji kwali biyu na kaset-kaset: waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, karatun Alƙur'ani na Husari, da tafsirin da marigayin ya riƙa ɗauka daga Rediyon Kaduna a watannin azumi. A ƙasan kwalin kuma akwai kaset uku da suka fi sauran daraja a gidan. Shekarar da aka tura mahaifin nasa kwas a Ingila, maimakon wasiƙa sai ya riƙa aiko wa iyalinsa saƙon murya, saboda maiɗakinsa ba ta karanta boko. Wannan baiwar Allah tana raye, tana zaune a gidan ɗan nata, kuma takan nemi a sa mata ɗaya daga cikin ukun lokaci zuwa lokaci.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko lasifikar hagu ce ta soma ƙarar gwangwani duk lokacin da kalangu ya buga da ƙarfi. Daga baya mamurɗin ƙara sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf idan an taɓa shi. Sai kuma rakodar ta soma jan murya kamar mai jin barci, har ran nan ta tauna zaren wani kaset na Shata ta cukurkuɗe shi. Tun daga wannan rana Hajiya ta ce kada a sake sa kaset ɗin mijinta a ciki, kuma ba ta ƙara cewa komai ba.

Sauran mutanen gidan sun yi magana. Babban ɗansa da ke jami'a ya ce, "Baba, waɗannan kaya ai sun ci kuɗinsu. A sayo na zamani mai Bluetooth, kowa ya haɗa da wayarsa." Uwargida ta tuna masa cewa zangon karatu na tafe, kuma yara uku ne za a biya wa kuɗin makaranta. Maganar tata tana da nauyi, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta. Kayan sautin da ya ga sun kwanta masa a rai sun tasam ma albashinsa na wata biyu.

Abin da ke cikin akwatin

Kafin a yanke wa lasifika hukunci, ya kamata a san yadda take aiki, domin sauƙin ƙirarta shi ne babbar hujjar masu son gyara. Tsarin da ake amfani da shi har yau ya samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana shi a 1925. Akwai maganaɗisu a baya. A cikin ɗan siririn gurbin da ke tsakiyarsa akwai koyil, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Koyil ɗin yana manne da takarda mai siffar mazurari. Idan amfilifaya ta turo wuta mai sauya ƙarfi daidai da sautin da aka ɗauka, sai koyil ya riƙa kai da komo a cikin gurbin, takardar ta bi shi, ta tura iska, iskar ta isa kunne. Shekara ɗari ke nan, lasifikar waya da ta masallaci da ta gidan biki duk a kan wannan ƙa'ida suke.

Akwatin gida yakan ƙunshi lasifika biyu ko uku. Babbar, wadda masu gyara ke kira wufa, ita ke fitar da sauti mai kauri, irin rugugin ganga. Ƙaramar, tuwita, ita ke fitar da siririn sauti, irin kaɗawar tsirkiyar kuntigi. A tsakaninsu akwai ɗan allo mai kafasita da koyil da ke raba aiki, ya aika wa kowace abin da za ta iya ɗauka.

A duk wannan haɗi, maganaɗisu da ƙarfen da ke riƙe da shi suna iya shekara da shekaru ba su gaza ba. Abin da ke tsufa shi ne zoben da ya haɗa bakin takardar da ƙarfe. A lasifikoki da dama na shekarun 1970 da 1980 da soso aka yi shi, kuma irin wannan soso yakan fara ruɓewa bayan shekara 15 zuwa 25, zafi da laima suna gaggauta masa. Ruɓewarsa na jawo ɓarna biyu. Ta farko, takardar takan karkace, koyil ya riƙa gogar maganaɗisu, abin da ke haifar da ƙarar gwangwani. Ta biyu ta shafi akwatunan da aka rufe ruf, bisa dabarar da Edgar Villchur ya fito da ita a 1954, inda iskar da aka kulle a ciki ke zama matashin da ke riƙe takardar. Da zarar zoben ya huje, iskar ta sami mafita, kaurin sauti ya tafi.

Abu na biyu mai tsufa shi ne kafasita mai ruwa a ciki. Ruwan yana bushewa sannu a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanakinta. Kayan da aka ƙera don ɗakunan Tokyo, suka shafe bazara hamsin a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, a cikin rufaffen kabad, ba su yi laifi ba don sun gaji. Ƙurar hunturu kuma takan shige cikin mamurɗai da makunnai ta kwanta, ita ce ke kawo ƙaraf-ƙaraf ɗin nan. Rakoda kuwa da bel na roba take juyawa, roba kuma takan saki ko ta narke ta zama kamar kwalta.

A teburin mai gyara

Malamin ya ɗauki kayan a Keke Napep ya kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen kasuwar Sabon Gari, mutumin da ya koyi sana'ar tun zamanin rediyo mai kwalba. Dattijon bai taɓa sukudireba ba sai da ya yi gwaji huɗu, kuma uku daga cikinsu kowa na iya yin su a gida.

Da farko ya musanya wayoyin, ya mayar da lasifikar hagu dama, ta dama hagu. Ƙarar ta bi akwatin, wanda ya nuna cewa cutar a lasifikar take, amfilifaya ba ta da hannu a ciki. Sannan ya cire ragar gaba, ya ɗora yatsunsa a kewayen tsakiyar takardar ya danna a hankali, aka ji tana gogar wani abu a ciki. Na uku, ya ɗauko batirin tocila mai ƙarfin 1.5 ya taɓa wayoyin biyu da shi, takardar ta yi tsalle waje, alamar koyil bai tsinke ba. A ƙarshe ya sa mita. Lasifikar da aka rubuta wa om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7 idan lafiyarta ƙalau, wannan kuwa ta nuna 6 da ɗoriya.

Ya duba bakin takardar ya girgiza kai. Sosan asali ya daɗe da zubewa, kuma a wani lokaci can baya wani ya maye gurbinsa da ƙyallen atamfa da gam mai tauri. Ƙyallen ya bushe ya ƙame, ya ja takardar gefe guda.

"Malam, wannan ba mutuwa ta yi ba, ɗaure ta aka yi," in ji shi. "In ka ba ni lokaci na aika Legas a kawo zoben da ya yi daidai da ita, za ka ji abin da Alhaji ya ji ranar da ya saye ta."

"Baba, amfilifayar fa?"

Dattijon ya buɗe ta, bayan ya sauke wutar da ke maƙale a manyan kafasitoci, domin sukan riƙe caji ko bayan an zare filogi, kuma sun isa su jijjiga mai karambani. Biyu daga cikin ƙananan sun kumbura. Taransistocin fitar da sauti duk na asali ne, ba wanda ya ƙone. Ya ce wannan shi ne babban sa'ar, domin kasuwa ta cika da jabun taransista masu ɗauke da lambar na ƙwarai, waɗanda ke aiki mako biyu su ƙone, wani lokaci su tafi da lasifikar gaba ɗaya. Kuɗin da ya yanka na aikin duka, har da bel ɗin rakoda, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashin sababbin kayan ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Duk da haka malamin bai amsa nan take ba. Ya bi ɗansa shagunan sababbin kaya, domin ya ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. A can abin da ya fara cin karo da shi shi ne lambobi. Wani kwali an rubuta masa wat 3,000, wani 5,000, da manyan baƙaƙe, alhali tsohuwar amfilifayarsa wat 30 kacal aka rubuta wa kowane ɓangare.

Waɗannan lambobi ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Haruffan PMPO da ke biye da manyan lambobin ba su da wata ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Rikicin tsoho ne. A 1974 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya bayyana ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore, ɓangarorin biyu suna aiki tare, da adadin gurɓatar sautin da ke tattare da shi. Lambar da ke jikin tsofaffin kayan Japan galibi irin wannan ce. Hanyar gane gaskiya kuma ba ta da wuya: a juya bayan na'ura a karanta wutar da take ja daga soket. Malamin ya juya mai wat 5,000, ya ga an rubuta tana jan wat 60. Na'ura ba ta iya fitar da abin da ya fi wanda ta sha a ɗore.

Hasali ma ɗaki ba ya bukatar wat mai yawa. Lasifikar gida ta yau da kullum tana ba da desibel 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak, idan an tsaya mita ɗaya daga gare ta, kuma desibel 85 shi ne matakin da ake fara gargaɗin ma'aikatan masana'antu a kansa idan za su yini a cikinsa. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninku sau goma. Mai sauraron waƙa a falonsa bayan sallar isha da wuya ya wuce 'yan wat ƙalilan.

Akwai kuma tarkon da ke cikin shagon kansa. Mai shago ya san cewa duk wadda aka fi ƙure wa murya ita kunne ke ɗauka ta fi daɗi, kuma ya san tasirin fitilu masu walƙiya da baƙin roba mai sheƙi. A 1994 wasu masu bincike na kamfanin Harman, Floyd Toole da Sean Olive, sun sa mutane sauraron lasifikoki iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya a bayan labule, sau ɗaya a fili. Da aka yaye labulen makin ya sauya, manya masu tsada suka ƙara samun tagomashi, kuma ƙwararrun masu sauraro ma ba su tsira ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a fagen sayen lasifika kuwa wannan kora asara ce ga mai saye. Shi ya sa malamin ya tafi da waƙar da ya sani ciki da bai a wayar ɗansa, ya roƙi a daidaita ƙarar kowace na'ura da ta 'yar'uwarta, ya rufe ido. Abin da ya ji shi ne rugugi mai girgiza ƙirji, da siririn sauti mai kaifi, amma muryar mawaƙin da amshin 'yan kalangu sun koma can baya kamar daga wani ɗaki.

Kaset da kunne da ɗaki

Wannan ya kai shi ga tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci: me za a riƙa saurare da kayan? Lasifika ba ta ƙirƙiro abin da babu shi a cikin abin da aka ba ta. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafin yana zubar da siririn sauti ya ƙara shuu. Yawancin kaset-kaset ɗin waƙoƙin gargajiya da aka saya a kasuwa jikokin kwafi ne ko tattaɓa-kunne. Tafsirin da aka ɗauka daga rediyo mai matsakaicin zango kuwa ba ya ɗauke da komai sama da kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, ko kusa da haka. Waƙoƙin da ke yawo a WhatsApp ma an matse su an sake matsewa. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 na gama-gari 128, da yawa kuma ba su kai haka ba. Sabuwar lasifika mai kaifin tuwita, idan aka ba ta irin wannan abinci, shuu ɗin take ƙara fitarwa fili.

Sai kunnen mai sauraro. Yaro mai lafiyar ji yana kama sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma saman wannan iyaka yana zaizayewa da shekaru, ta yadda mai shekara hamsin ya riga ya rabu da wani yanki nasa, balle tsohuwa mai shekara tamanin. Abin da ya rage musu, kuma abin da suka fi bukata, shi ne tsakiyar sauti, inda muryar ɗan'adam take. Nan ne kuma tsofaffin akwatunan katako masu wufar takarda suka fi ƙwarewa.

Na uku shi ne ɗakin. Falon malamin siminti ne da tayil da gilashin taga, duk masu mayar da sauti, kuma lasifikokin sun shekara a cusa cikin kusurwa, ɗaya ma a bayan kujera. Kusurwa tana kumbura kaurin sauti har ya danne murya. Jawo akwati ya bar bango da kamu biyu ko uku, ɗaga shi har tuwita ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune, shimfiɗa darduma mai kauri da rataya labule, duk waɗannan suna sauya abin da ake ji sauyi na gaske, ba tare da an sayi ko waya ɗaya ba.

Inda gyara ba shi da riba

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ɗan nasa ba shirme yake yi ba. Akwai lokutan da gyara zubar da kuɗi ne. Idan gara ta cinye akwatin, ko ruwa ya kumbura katakon garin itacen da aka yi shi da shi, babu abin da za a ceto. Idan koyil ya ƙone, masu naɗi suna iya naɗa wani, amma in kaurin wayar ko yawan zagayen ya saɓa wa na asali, lasifikar za ta yi magana da wata murya dabam, ta kuma iya wahalar da amfilifaya. Idan tuwita ɗaya ta mutu kuma ba a samun irinta, sai an sauya biyun, daga nan kuma an fara ƙera wata lasifika ce a cikin tsohon akwati. Kayan da tun asali na araha ne, tsufa ba ya mayar da su na ƙwarai. Masu sha'awar gwanjo kuma su lura cewa abin da aka yi don kasuwar Japan wutar bolt 100 yake sha, na Amurka 120, alhali ta Nijeriya 230 ce, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙona taransifoma.

Sababbin kaya suna da nasu alherin. Amfilifayoyin zamani ba sa cin wuta kamar na da, ba sa zafi sosai, abin da ke da muhimmanci ga gidan da ya dogara da sola da batir. Lasifikokin kirki na yau, waɗanda aka auna da kwamfuta, sun fi na 1975 daidaito. Sai dai waɗannan ba su ne ke cike da shagunan da albashin malamin makaranta ke iya shiga ba. Kuma da yawa daga cikin na zamani an haɗa lasifika da amfilifaya da batir da manhaja a ƙunshi ɗaya, an manne da gam, ta yadda mutuwar ɗaya mutuwar duka ce. A Janairun 2020 kamfanin Sonos ya sanar cewa zai daina sabunta manhajar wasu tsofaffin na'urorinsa, masu su suka yi ca, har shugaban kamfanin ya ba da haƙuri. Akwatin da ba shi da komai sai waya biyu ba ya jiran izinin kowa kafin ya yi aiki.

Ƙasashen da suka ƙera kayan ma sun fara waiwayen gyara. An buɗe zauren gyaran kaya na sa-kai na farko a Amsterdam a 2009. Faransa ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a jikin wasu na'urori tun daga 2021, Tarayyar Turai kuma ta amince da dokar 'yancin gyara a 2024. Dalilin a bayyane yake: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin da Turai ke kafa wa doka, a Sabon Gari sana'a ce da ta girmi dokar da shekaru masu yawa.

Hukunci

Malamin ya raba shari'ar gida-gida, bai yanke wa kayan hukunci ɗaya ba. Lasifikokin biyu ya ce a sauya musu zobe, har da ta dama da ba ta fara kuka ba, domin su yi magana da murya ɗaya, a kuma sabunta kafasitocin allon raba sauti. Amfilifaya a sauya mata waɗanda suka kumbura, a wanke mamurɗanta da maganin feshi. Rakoda a sa mata sabon bel da sabuwar tayar roba mai matse zare, a goge kan da ke karanta kaset da sifirit. Abin juya faifai kuwa ya haƙura da shi, domin allurarsa ta cinye, faya-fayen ma zafi ya lanƙwasa su. Ya ƙara da sitabileza, saboda wutar da ke hawa da sauka. Ɗansa kuma ya sami abin da yake nema ta hanyar da bai zata ba: wata 'yar na'urar karɓar Bluetooth mai girman akwatin ashana, wadda aka soka a bayan amfilifayar, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba.

Zoben ya ɗauki mako uku kafin ya iso daga kasuwar Alaba, aikin mannawa da daidaita koyil a tsakiyar gurbinsa ya ci kwana biyu. Da aka dawo da kayan gida, dattijon ya ba da shawarar da ta fi gyaran kansa daraja, cewa kaset ukun nan kada a mayar da su abin sawa kullum, domin zaren da ya haura shekara arba'in kowane juyi yana rage masa kwana. Aka gwada rakodar da kaset-kaset biyar marasa muhimmanci, ba ta tauna ko ɗaya ba. Sannan aka sa na marigayin, sau ɗaya kowanne, aka haɗa waya daga amfilifaya zuwa kwamfutar yaron aka kwashe muryar, aka ajiye kwafi a wurare uku, aka aika wa 'yan'uwan da suka raina kayan ranar rabon gado. Hajiya ta saurari na farko har ƙarshe, ta gyara wa jikanta sunan wani maƙwabci da mijinta ya ce a gaisar, wanda yaron ya rubuta ba daidai ba a jikin fayil ɗin.

Sabon zoben zai yi shekara ashirin idan an yi sa'a, daga nan kuma sai an sake neman mai hannu. A nan ne lissafin ke da rauni. Dattijon ya haura saba'in, idonsa sai da gilashin ƙara girma. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, yaran da da za su zauna a gabansa su koyi karatun zanen da'ira da riƙon ƙarfen dalma sun koma Farm Centre, inda sauya gilashin waya ɗaya ke kawo abin da gyaran rediyo na yini guda ba ya kawowa. Yaro ɗaya ya rage masa, jikan ƙaninsa, mai zuwa bayan an tashi daga Islamiyya. Ranar da aka manna zoben, shi dattijon ya miƙa wa lasifika ta biyu, ya tsaya a kansa yana nuna masa inda zai sa yatsa.